Sunan Tessa a Jaridar Kawunta

Ranar da Tessa Hudak ta fara koyon aikin jarida a wurin kawunta, abin da ya fara ba ta shi ne kalmar sirrin ɗansa.

Jaridar garinmu, Pell Creek da ke jihar Ohio, ta daɗe da barin ofishinta na tsakiyar gari. An sayar da injin bugu, an sallami ma'aikata, ɗan abin da ya rage ya koma ɗakin ƙasa na gidan mai ita, Vernon Pruitt, wan mahaifiyar Tessa. Tebura biyu ne da kwamfutoci, sai injin wanki da ke girgiza bango idan ya ɗauki juyi. Sau ɗaya a mako ake buga ta takarda saboda tsofaffi, sauran duk a intanet. A kicin kuwa, inda wasu ke rataya hoton jikoki, Kawu Vernon ya kafa talabijin da ba ta nuna komai sai yawan mutanen da ke karanta shafin jaridar a daidai lokacin. Idan lambar ta hau, a ci abinci cikin raha. Idan ta sauka, ko ƙarar cokali laifi ce.

Tessa ta zo ne daga kwaleji, za ta yi zangon karatu ɗaya tana sanin makamar aiki. Babu albashi, amma akwai wurin kwana a ɗakin ɗinkin matar kawun, Anti Lorraine. Abin da ya kawo ta abu ɗaya ne. Wata babbar jarida a Columbus tana ɗaukar sababbin 'yan rahoto a farkon shekara, kuma ba sa tambayar kowa komai sai labaran da aka buga da sunansa. A wannan sana'a, ɗan layin da ke ƙarƙashin kan labari, inda ake rubuta sunan marubuci, shi ne takardar shaida.

Kawu ya ce buɗe mata nata shiga a kwamfuta ɓata lokaci ne, ta riƙa shiga da na Colton, ɗansa ɗaya tilo, wanda zai gaji jaridar. Da ta tambayi maganar suna, sai ya cire tabarau ya dube ta da tausayi.

"Tessa, intanet ba ta mantuwa. Kuskure ɗaya kika yi da sunanki, zai bi ki har kabari. Bari hannunki ya faɗa tukuna. Kare ki nake yi."

Ta yi godiya. Har ranta ta yi godiyar.

Aikin ya soma tun kafin ta gama kwance jakarta. Ita ce zaman majalisar gari, ita ce kotu, ita ce sanarwar mutuwa da ta ɗaurin aure. Idan ta hau sama shan ruwa, Anti Lorraine ta ce tunda ga ta tsaye, ta ɗan sa kwanuka a injin wanke-wanke. Daga kwanuka aka koma cefane, daga cefane aka koma fita da kare. Colton ba ya sauka ɗakin ƙasa sai rana ta yi tsaka, da kofi a hannu, ya zauna ya ɗora ƙafa a kan teburi. Aikinsa sa wa labarai kai da watsa su a shafukan sada zumunta, kuma ba a raina shi a nan, ya san kalmar da ke sa yatsa ya latsa. Yana kiranta 'yar kwaleji. Ba ya yi mata tsawa, har alewa yake ajiye mata.

Labarinta na farko mai nauyi a kan ɗakin haihuwar asibitin gundumar ne, da aka rufe. Ta bi mata masu ciki gida-gida, ta samu wadda ta haihu a bayan mota a hanyar zuwa wani gari. Da safen da aka sake shi, ta buɗe wayarta tun tana kwance. Ga labarin, ga hoton da ta ɗauka, ga kalmominta ba a taɓa ko ɗaya ba. A ƙarƙashin kai an rubuta: Colton Pruitt.

Kawu ya ce na'urar ce ke sa sunan wanda aka shiga da shi, za a gyara. Da mako ya zagayo ba a gyara ba, sai ya ce mutanen gari sun saba da sunan Pruitt tun zamanin kakanta, masu talla ma sunan suke saye. Anti Lorraine, tana yanka albasa ba ta ko juyo ba, ta ce a gida ɗaya ba a cewa nawa da naka, ai abincin da ake ci ma ba a rubuta sunan kowa a kai ba. Tessa ta kira mahaifiyarta, wadda ke aikin jinyar tsofaffi a wani gari, ita kuma ta ce ta yi haƙuri, yayanta ne, shi ya tsaya musu lokacin da babu kowa, kada ta watsa mata ƙasa a ido.

Haka ganyen itatuwa ya yi ja ya zube. Labarai suka yi ta fita, lambar kicin ta yi ta hawa, mutane a coci suka fara dafa kafaɗar Colton suna cewa ashe yaron ya gado kakansa. Shi kuma ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Duk lokacin da Tessa ta ɗaga maganar, amsar ɗaya ce: na gaba, wanda ya fi girma, shi za a sa mata.

Sai ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Motar 'yan makaranta ta kauce wa barewa a hanyar gonaki, ta zame ta kwanta a rami. Ba wanda ya ji ciwo sai yarinya ɗaya da ta fasa leɓe. Direbar, Loretta Sims, mace ce mai furfura da ta yi jigilar rabin mutanen garin nan tun suna da haƙoran madara. 'Yan sanda suka sa ta hura na'urar gwajin barasa, kamar yadda suke yi wa duk direban irin wannan mota bayan haɗari. Ba a samu komai ba.

Tessa ta je gidanta da la'asar. Madam Loretta ta ce ba ta magana da 'yan jarida, amma da ta ga yarinyar na rawar sanyi a bakin ƙofa da takalmi jiƙe, sai ta ja ta ciki, ta dafa mata koko, ta ba ta safar ulu. Ta faɗa mata yadda ta fito da yaran ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar baya, tana kiran kowa da sunansa don kada su firgita. Da Tessa za ta tafi, matar ta riƙe mata hannu ta ce ta rubuta yadda abin ya faru kawai, ba ta son yabo.

Tessa ta rubuta. Maganar gwaji ta sa ta a tsakiya, layi biyu: an yi, ba a samu komai ba. Ta ajiye labarin a kwamfuta, ta hau sama feraye dankali.

Tana cikin feraya ta ga lambar talabijin na tsalle yadda ba ta taɓa yi ba. Colton ya hau da gudu yana dariya, ya nuna wa babansa wayarsa. Tessa ta goge hannu ta duba tata. Kan labarin ya zama: An Yi wa Direbar 'Yan Makaranta Gwajin Barasa Bayan Ta Jefa Yara a Rami. Ta gangara tana neman layi na biyu. Babu shi.

Ta ce wa Colton ya mayar da layin yanzun nan. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba ƙarya a ciki, an yi gwajin ko ba a yi ba? Sakamakon gobe za a sake shi a matsayin sabon labari, mutane su sake dawowa, haka ake yi yanzu. Ta juya wurin Kawu. Kawu yana kallon bango, hasken lambar na wasa a tabaransa. Ya ce a bari ya kwana.

Bai kwana lafiya ba. Kafin gari ya waye, hoton Madam Loretta ya zagaye jihar. Shafukan da ba su san inda Pell Creek take ba sun kwafe labarin. Iyaye sun cika ofishin makaranta, an ce ta zauna a gida tukuna. Wani ya ajiye mata kwalaben giya a bakin ƙofa. Labari na biyu, mai cewa ba a samu komai ba, ya fita da hantsi, amma lambar kicin ko motsi ba ta yi ba.

Kwana biyu bayan haka lauyan Madam Loretta ya kira. Tessa tana kan matakala da kwandon wanki ta ji Kawu yana ta cewa ranka ya daɗe, za a duba, za a ɗauki mataki. Daga nan ya kira Colton, suka rufe ƙofa. Da suka fito, babu wanda ya dube ta. Da ta zauna za ta yi aiki, kalmar sirrin ta ƙi buɗewa.

Wayarta ce ta sanar da ita. Saƙo ya shigo daga wanda ba ta sani ba, zagi ne. Wani ya biyo, wani ya biyo. Ta buɗe shafin jaridar. A ƙarƙashin kan labarin nan, inda sunan Colton yake jiya, yau an rubuta Tessa Hudak. A samansa kuma ga sanarwar ban haƙuri da sa hannun edita, cewa wata ɗaliba mai koyon aiki ta saki labari ba tare da an tantance ba, jaridar ta yi nadama, ta kuma tsawatar.

Wannan ne karo na farko da ta ga sunanta a jarida. Ta daɗe tana kallonsa. An rubuta shi daidai, ba a yi kuskuren ko harafi ɗaya ba.

Kawu bai ɓoye ba. Ya zaunar da ita a kicin, ya zuba mata kofi da hannunsa. Ya ce ta dubi abin da idon basira. Idan aka ce Pruitt ne ya yi, jaridar ta mutu, masu talla za su gudu, gidan nan da take kwana a ciki zai tafi. Amma ɗan koyo, kowa ya san yana kuskure, za a yi surutu a manta. Kuma ba ita ta je gidan matar ba? Ba ita ta rubuta ba? To ina ƙaryar? Ita yarinya ce, duniya na gabanta, Colton kuwa nan aka haife shi, nan zai tsufa.

"Kawu, ba kai ka ce intanet ba ta mantuwa ba?"

Ya juya cokali a kofinsa. Ya ce ba a yi wa babba irin wannan tambayar a gidansa.

Kwanakin da suka biyo, garin ya ƙuntace mata. Matar da ke karɓar kuɗi a kanti, wadda da take ce mata 'yata, ta tura mata kayanta ba ta ɗago ba. A zaman majalisa magatakarda ya ce wurin 'yan jarida ya cika, alhali kujera ɗaya ce kuma babu kowa a kai. Malaminta na kwaleji ya kira ya ce yana son su yi magana. Amma aiki bai tsaya ba. Yanzu a takarda take rubutawa ko a wayarta, ta tura wa Colton, shi ya sa. Shi kuma ya ƙara yawan alewar da yake ajiye mata, ya daina kiranta 'yar kwaleji, ya daina haɗa ido da ita. Ta rage cin abinci. Anti Lorraine ta ce wa maƙwabta sanyi ne bai karɓe ta ba.

Ranar bikin godiya, wanda Amurkawa ke yi duk shekara a ƙarshen kaka, dangi suka cika gidan. Mahaifiyar Tessa ta zo da tuffa da ta gasa a cikin fulawa. Aka jera talotalo, dakakken dankali, masara da miyar nama, aka kashe talabijin ɗin kicin saboda baƙi. Kowa ya kama hannun na kusa da shi, Kawu ya yi addu'a, ya gode wa Ubangiji da ya fitar da gidan nan daga jarrabawa. Sannan ya ba da albishir: ƙungiyar 'yan jaridun yankin ta zaɓi labarin ɗakin haihuwa, Colton zai karɓi lambar yabo. Aka tafa.

Tessa ba ta tafa ba. Ta jira hayaniyar ta lafa, sannan ta yi magana a hankali.

"Colton, matar da ta haihu a mota, yaya sunanta?"

Colton ya yi dariya ya ce ai mutane da yawa ya yi hira da su. Ta ce to wa ya cire layin da ke cewa ba a samu barasa a jikin Madam Loretta ba? Ya faɗa a gaban kowa, ita ba ta neman komai bayan wannan.

Cokula suka tsaya. Wani tsoho ya ci gaba da tauna don bai ji ba. A ƙarƙashin teburi Tessa ta ji hannun mahaifiyarta ya damƙe mata gwiwa, damƙa mai zafi. Anti Lorraine ta miƙe da murmushi ta ce yarinyar ta sha wahala kwanan nan, a yi mata uzuri, wa ke son ƙarin nama? Hannaye suka miƙa faranti.

Mahaifiyar ta same ta a ɗakin ɗinki. Ba ta ce ƙarya take yi ba. Ta ce ta sani, tun a waya ta gane. Amma me take so a yi? A rushe gidan yayanta a kan layi ɗaya? Tana kuka tana faɗa, har Tessa ce ta koma tana lallashinta.

Washegari ta wanke safar ulun nan, ta naɗe, ta taka zuwa gidan Madam Loretta. An mayar da matar bakin aiki, amma iyaye da dama sun koma kai 'ya'yansu da kansu, motar na yawo rabi babu kowa. Ta buɗe ƙofa, ta bar ƙofar ragar da ke gabanta a rufe tsakaninsu. Tessa ta faɗi duk yadda aka yi, ba ta rage ba. Matar ta saurara har ƙarshe.

"Wataƙila gaskiya kike faɗa," in ji ta. "Amma ni ban san wani Colton ba. Ke kika zauna a kicin ɗina. Ke na faɗa wa."

Ta ce ta ajiye safar a kan kujerar waje. Ƙofar ta rufu a hankali, ba a buga ta ba.

Hirar neman aikin Columbus ta kiran bidiyo aka yi, fuska da fuska, Tessa na zaune a bakin gado, keken ɗinki a bayanta. Editar mace ce mai sanyin murya. Ta ce rubutun gwajin da Tessa ta aiko ya burge su ƙwarai. Sai dai sun nemi sunanta a intanet, kamar yadda suke yi wa kowa, abu ɗaya ne ya fito, a shafuka da yawa. Tessa ta yi bayani. Matar ba ta katse ta ba, ba ta kuma nuna ba ta yarda ba. Ta ce irin wannan na faruwa. Ta tambaya ko akwai wanda zai tsaya mata, edita ko wani na gidan jaridar, ya ce ga waɗanda ta rubuta, ga wanda aka ɗora mata.

Tessa ta dubi ƙofar ɗakin. Ta bayan ƙofar tana jin Anti Lorraine na ɗan waƙe-waƙenta tana guge rigar da Colton zai sa ranar karɓar lamba. Tana jin tarin Kawu daga ƙasa. Duk wanda ya san gaskiya a duniyar nan danginta ne.

Ta ce babu.

Da zangon ya ƙare, Kawu da kansa ya kai ta tasha. A hanya ta roƙe shi abu na ƙarshe, ya cire sunan kawai, ko da bai ce komai ba. Ya ce ko ya cire a nasa, waɗanda suka kwafa fa? Abin ya fi ƙarfinsa yanzu. Ya sauke mata jaka, ya miƙa mata ƙunshin abincin da Anti Lorraine ta naɗe, ya ce ta zo Kirsimeti, gida gidanta ne. Ga dukkan alamu har zuciyarsa ya faɗa.

Mutanen gidan nan ba su taɓa zaginta ba, ba su hana ta abinci ba, ko ɗaga mata murya ba su yi ba. Idan ka tambaye su yau, za su ce sun riƙe 'yar ƙanwarsu wata da watanni ba su karɓi ko sisi ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Lambar yabon tana rataye a kicin, gefen talabijin. Abin da Tessa ta zo nema ba ya cin wuri, layi ɗaya ne ƙarƙashin kan labari. Sun hana ta shi duk ranar da yake abin alfahari, suka ba ta shi ranar da ya zama abin kunya.

Motar ta fita daga gari, ta bi ta hanyar gonaki, ta wuce ramin da ƙanƙara ta riga ta rufe. Wayarta ta yi ƙara. Colton ne. Ya ce an ce zai yi ɗan jawabi a wurin bikin, don Allah ƙanwata, yaya sunan matar nan da ta haihu a mota?

Tessa ta san sunan. Ta san na jaririn ma. Ta kife wayar a cinyarta, ta juya tana kallon taga.